Yayata Ta Riƙa Ɗaure wa 'Yata Haɓa Don Kada a Ji Munsharinta

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini. Yadda nake jin kaina a kwanakin nan, idan ba a samu wanda ya riƙe ni ba, ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya sai dai a ji labarinmu a bakin mutane. Kuma tun daga farko in gaya miki, ba haƙuri na zo nema ba. An ba ni shi har ya ginshe ni. So nake ki duba shirin da na yi mata, ki gaya mini ko ya isa, ko akwai inda zan ƙara gishiri.

A gidan burodi nake aiki, aikin dare. Ni ce a teburin ƙarshe, inda burodi ke isowa bayan ya huce, mu yanka, mu zuba a leda, mu ɗaure, mu jera a faranti. Ina shiga bayan isha'i, ina fitowa da asuba in motocin rabo sun gama lodi, gashin idona duk fulawa, ƙafafuna kamar ba a jikina suke ba. Maigidana direban babbar mota ne, sai wata ya shuɗe bai kwana gida ba. 'Yarmu ɗaya tak, shekararta goma sha ɗaya, muna kiranta Shalele. Mu muna sama a benen da muke haya, Yaya tana ƙasa, rabin gidan nata wurin kwana ne, rabi kuma gidan rainon yara da ta buɗe, inda ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Tun da na yaye Shalele a wurin Yaya take kwana. Ita take kira Umma, ni kuma Mama.

Tun tana ƙarama haƙoranta na gaba suka turo waje, bakinta kullum a sake. Ko kallon talabijin take yi, ko aikin makaranta, za ki gan shi a buɗe. Ni ban ɗauki abin da zafi ba, Yaya ce ta tsaya kai da fata cewa mace ba ta zama haka, sai an kai ta wurin likitan da ke jera haƙora. Aka kai ta, aka sa mata wayar nan ta haƙori mai ƙananan ƙarafa. Da yake da safe ake ganin likitan, ni kuma lokacin ko gidan zai rushe ba na sani, Yaya ce ke kai ta duk zuwan da za a ƙara ɗaure wayar. Har godiya nake mata, Anti. Har burodi mai zafi nake ajiye mata a bakin ƙofa kafin in hau sama.

Bayan an sa wayar da 'yan watanni yarinya ta fara canza mini. Takan tashi da ciwon kai. Ƙasan idonta ya yi baƙi. Abu kaɗan ta fashe da kuka, ita da ba ta da rigima. Malamarsu ta aiko cewa barci take yi a aji, har an mayar da ita baya tana tsayuwa don kada ta kifa kai a tebur, 'yan ajinsu kuma sun laƙaba mata suna Kasa, macijiyar nan mai yawan barci. Sakamakonta ya zube. Na tambayi Yaya ko yarinyar nan tana samun barci kuwa, ta ce lafiya lau, girma ne ke zuwa mata, kuma na cika shagwaɓa ta. A kan maganarta na riƙa yi wa 'yata faɗa ina kiranta malalaciya. Wannan ma yana cikin abin da ba zan yafe mata ba, ta sa na zagi yarinyar da ba ta yi mini komai ba.

Ranar da asiri ya tonu, injin kwaɓa ne ya lalace a wurin aiki, aka ce mu zauna gida. Na yi barcina da dare kamar kowa, da rana ina ido biyu. Shalele ta hawo sama bayan azahar, ta ci abinci, ta ce barci take ji, ta haye gadona. Na fita baranda shanya. Da na dawo da bokiti a hannuna, sai na tsaya cak a bakin ƙofa. Ta ɗauki ɗankwalina da ke rataye a jikin ƙofa, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓarta, ta ƙulle a tsakiyar kai, tamau, yadda ake yi wa mamaci. Tana kwance rigingine, ƙirjinta yana lotsawa ciki, hancinta yana wata irin ƙara kamar ana jan ruwa a toshesshen famfo. Sai ƙarar ta ɗauke. Shiru. Ƙirjin yana motsi amma ba iskar da ke shiga. Ban san lokacin da na saki bokitin ba. Kafin in kai gadon ta zabura ta ja wani dogon numfashi, duk wuyanta gumi.

Na fizge ɗankwalin. Ta farka a firgice, ta kai hannu kanta tana laluben ƙullin, kuma kin san abin da ta fara ce mini? “Yi haƙuri Mama, kwancewa ya yi? Wallahi na ɗaure da kyau.” Na tambaye ta wa ya koya mata wannan. Ta ce Umma ce, tun ranar da aka sa waya, kowane dare, don bakin ya saba da rufuwa haƙoran su koma ciki, kuma don ta daina munshari, wai mace ba ta yi. Da farko Umma ke ɗaure mata, yanzu ta iya da kanta. Na buɗe bakinta na ga cikin leɓɓanta duk ya sassale inda ƙarafan ke gurzarsa. A hankali sauran maganar ta fito. Ashe ta koma fitsarin kwance, Yaya na wanke zanin gadon kafin in dawo, ta kuma hana ta shan ruwa da yamma. Ta ce mata kada ta gaya mini, wai ina shan wahalar aiki, kada a ƙara mini damuwa.

Washegari ban runtsa ba na kama hannunta muka tafi wurin likitan haƙorin, zuwana na farko kenan. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da kujerar nan mai kwanciya, fitila a samanta, da jerin haƙoran farar ƙasa na yaran mutane a kan kanta. Ya dube ni ya ce ni ce wa. Na ce ni na haife ta. Ya ce shi duk zatonsa waccan ce uwar. Da na kwashe labari na gaya masa, sai da ya cire safar hannunsa ya zauna. Ya ce tun zuwan farko, da ya ga yadda dasashinta na sama ya matse da yadda take shaƙar iska ta baki, ya tambaya ko tana munshari, ko numfashinta na tsayawa cikin barci. Aka ce masa a'a, ko kaɗan. Ya sake tambaya a wani zuwan, aka sake ce masa a'a, har da ɓata rai. Abin da ya ce kawai shi ne yarinya ta riƙa gwada haɗe leɓɓanta da rana, tana farke, in hancin ya ba ta dama. Bai taɓa cewa a ɗaure kowa ba. Ya leƙa maƙogwaronta ya ce ga dukkan alamu akwai tsokar da ta yi girma tana tare hanyar iska, bakin nan da take buɗewa da shi take samun numfashi. Ya ce in kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Zan kai ta, kaina ne ya ɗauki zafi tukuna.

Daga can gidan rainon na wuce kai tsaye. Lokacin barcin yara ne, ƙananan takalma jere a bakin ƙofa, ƙananan katifu a shimfiɗe, fanka na juyawa a hankali. Ina buɗe baki Yaya ta ɗora yatsa a leɓe ta ce, “Rage murya, yara na barci.” Anti, yara na barci! 'Ya'yan mutane na barci da bakunansu a hangame, wani har da dalala, ita tana gadinsu kada ƙuda ya sauka. Na ja ta zuwa kicin na tambaye ta don me ta yi wa likita ƙarya. Ko gezau. Ta ce, “To so kike in tsaya gaban namiji baƙo, ga ma'aikatansa na ji, in ce 'yarmu mace tana munshari kamar ubanta? Gobe in ta girma a ce ai ita ce mai jan gurnani? Rufa mata asiri na yi. Ke da kike kwana cikin fulawa, me kika sani game da darenta?” Na ce saura kaɗan ki kashe mini 'ya. Ta ce in daina baƙin baki, ba ga ta nan da ranta ba, kuma haƙoran ai sun fara shiga, wata rana sai na gode mata.

Har yau ba ta ce mini yi haƙuri ba. Na kira maigidana, yana can bakin hanya, ya yi dariya ya ce gado Shalele ta yi, shi ma ai har motar ke girgiza in yana barci, mu daina faɗan mata. Na kashe wayata.

To ga abin da na shirya. Ƙarshen watan nan Yaya za ta yi taron iyayen yaran da take raino. Duk shekara tana yi, ta ci kwalliya ta tsaya gabansu tana lacca a kan tarbiyya da lafiyar yara, suna tafa mata. Zan bari sai ta yi nisa, in miƙe da ɗankwalin nan a hannuna in tambaye ta ko za ta nuna wa iyaye yadda ake ɗaure haɓar yaro mai rai. Ina kuma cikin zauren wayar da iyayen ke hira, ita da kanta ta sa ni. Ina da bidiyo biyu. Ɗaya na Shalele tana barci ba ɗauri, ana jin munsharin da tsayawar numfashin sarai. Ɗayan kuma na sa ta ta nuna mini yadda Umma ke yi, ta ɗaure a gabana ina ɗauka. Ina fita daga taron zan tura su duka, in rubuta a ƙasa, ku tambayi yaranku yadda ake kwantar da su. Na san ba ta yi wa 'ya'yan mutane, tsoron iyayensu take ji, tawa ce ta raina. Amma ba dole ba ne in faɗi haka. So nake kafin mako ya zagayo babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofarta. Tunda mutunci take bautawa, a nan zan kama ta. So nake ta kwana ido biyu tana jin ƙirjinta na toshewa, ta ɗanɗana ko rabin abin da 'yata ta sha.

Shalele kam na raba ta da ƙasa. Tare muke tafiya aiki yanzu, ina shimfiɗa mata a kan benci a ɗakin ajiya, kusa da buhunan fulawa, ina leƙa ta in na samu sarari. Tana kuka wai tana kewar Umma, kin ji ƙarin takaici. In mun wuce ta ƙofar Yaya sai ta riƙa waiwaye, ni kuma in ƙara jan hannunta.

Anti, ki gaya mini gaskiya. In yi a taron ne, ko in fara tura bidiyon don ta shiga taron da kunyarta? Kuma in kin ga laifi a shirin nan, to ki nuna mini wata hanyar da za ta ji a jikinta, domin barin ta haka kam ba zai yiwu ba.

Uwar Shalele

Uwar Shalele,

Sannu. Na karanta wasiƙarki, kuma da na kai wurin da yarinyar ta farka tana ba ki haƙuri sai da na ajiye takardar na tashi na yi ta kai da komo. Fushinki yana kan hanya. Ba zan ce miki abin da Yaya ta yi ƙarami ba ne, domin ba ƙarami ba ne. Likita ya yi tambayar da ta dace har sau biyu ta rufe masa ƙofa, ta toshe wa yarinya hanyar da take samun iska, sannan ta koya mata ɓoye miki abin da ke damunta. Wannan na ƙarshen ya fi ɓata mini rai, domin shi ya sa abin ya daɗe.

Amma na sake bin wasiƙar layi layi ina neman inda kika ce kin kai Shalele wurin likitan maƙogwaro, ban samu ba. Na samu ranar taro, na samu abin da za ki rubuta a ƙasan bidiyo, har yadda za ki miƙe da ɗankwali kin tsara. Zuwa asibiti kuwa kin bar shi sai kanki ya huce. 'Yar'uwa, cire ɗankwali bai buɗe maƙogwaron ba. Da bakinki kika ce ko ba ɗauri numfashinta na tsayawa. Duk daren da kika ɓata kina shirya wa Yaya, Shalele tana kokawa da iska ne. Ki nemi ganin likitan nan a makon nan, ko da za ki rasa kwanan aiki.

Ni ba likita ba ce, amma abin da kika lissafa, wato munshari mai yankewa, gumi, ciwon kai da safe, fitsarin kwance bayan an daina, barci a aji da saurin kuka, alamu ne da likitoci suka sani a wurin yaran da hanyar iskarsu ke toshewa cikin barci. Sau da yawa tsokar bayan hanci ko ta maƙogwaro ce ke girma, kuma yaron da ya daɗe yana numfashi ta baki yakan tashi da matsattsen dasashi da haƙora a waje. Wato mai yiwuwa haƙoran da aka tsaya gyarawa da numfashin da aka ɓoye tushensu ɗaya. Abu ne da ake magancewa. Wani yaron maganin hanci ke isarsa, wani sai an yi masa aiki, wani kuma sai an gwada barcinsa a asibiti kafin a yanke shawara. Likita ne zai faɗa, ba ni ba, ba Yaya ba, ba maƙwabta ba. Kada kuma haushi ya sa ki ce a cire wayar haƙorin. Ki haɗa likitocin biyu, kowa ya san abin da ɗayan ke yi, ki kuma nuna wa na haƙorin sassalewar leɓɓan ya ba ta abin da ake liƙa wa ƙarafan. Kafin ranar ganin likita, ta riƙa kwanciya a gefe, kada a hana ta ruwa, kada a ɗaure komai a ko'ina. In kika ga leɓɓanta sun canza launi ko tana wuyar tashi, kada ki jira ranar da aka ba ki, ku tafi asibiti nan take.

Ɗakin ajiyar fulawa kuwa ki fitar da ita daga ciki tun yau. Yarinyar da hancinta ke toshe ba ta da abin yi kusa da ƙurar fulawa, kuma benci ba gado ba ne. Kin ɗauke ta daga wuri mai cutarwa kin kai ta wani, don dai kada ki bi ta ƙofar Yaya. Ki roƙi mai gidan burodin ya mayar da ke aikin rana na ɗan lokaci, ko ki ɗauki hutu, ko maigidanki ya ajiye mota ya zo ya yi gadin 'yarsa. Af, shi ma da yake dariya, ki gaya masa mutumin da munsharinsa ke girgiza mota kuma yake tuƙa ta a dogon titi, ya kamata a duba shi. Malamar makaranta ma ki je ki same ta ki ce lalura ce ana kan magani, ta daina tsayar da ita, ta kuma tsawata wa masu kiranta da sunan banza.

Yanzu ga maganar ramuwa. Bidiyon nan fuskar wa ke ciki? Ba Yaya ce za a gani baki a buɗe tana gurnani ba. Shalele ce. Abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa, kuma iyayen nan suna da manyan yara, wasu ƙila a makarantarsu suke. Yarinyar da ake kira Kasa don ta yi gyangyaɗi a aji, ki yi tunanin abin da za a kira ta in an ga wannan. Yaya ta gaya mata numfashinta abin kunya ne. In kika watsa shi aka yi dariya, kin tabbatar mata da maganar Yaya ne da hannunki. Bidiyo na biyu, wanda kika sa ta sake ɗaure kanta don ki samu hujja, ki goge shi yanzu, bai kamata a ce an ɗauke shi ba. Na farkon ki adana da kyau, ki nuna wa mutum ɗaya, likita. Zai amfane shi ƙwarai, domin yaro ba ya nuna irin wannan a ɗakin duba marasa lafiya da rana tsaka.

Batun 'ya'yan mutane kuma, da kina da shakka ko kaɗan cewa ana yi musu haka, da ni da kaina zan ce ki sanar da iyayensu yau ba gobe ba. Amma kin ce kin san ba ta yi. Ki bar mutane su zaci abin da kika san ƙarya ne, wannan ƙazafi ne ko da ba ki furta ba. Gaskiyar da ke hannunki ta isa ta yi nauyi, kada ki gauraya ta da abin da zai sa gobe a ce ke ce mai sharri.

Ki kuma ɗora wannan a ɗaya gefen, ko ba ki so. Matar nan ta ɗauki daren 'yarki shekara da shekaru. Ita ke tashi in ta yi zazzaɓi, ita ke wanke zanin gado da asuba. Ban ga mugunta a abin da ta yi ba, na ga jahilci da taurin kai da tsoron bakin mutane da ya fi mata tsoron cuta. Hakan bai wanke ta ba, amma ya bambanta ta da maƙiyiya. Ina kuma zargin ƙin ba ki haƙurin nan da take yi, tsoro ne. In ta amsa ta yi kuskure, dole ta kalli abin da ya kusa faruwa a ɗakinta, ita kuma ba ta shirya kallonsa ba.

Kin ce in nuna miki hanyar da za ta ji a jikinta. Ga ta. Ki sauka ƙasa ki gaya mata ranar ganin likita, ki ce da ita za a je. Ba alfarma kike nema ba, ita kaɗai ta san daren yarinyar nan. Likita zai tambayi tun yaushe aka fara, yaya ƙarar take, yaushe fitsarin ya dawo, kuma ke ba ki da amsa. Ta zauna a gabansa, ga ki, ga ma'aikatansa, ta faɗi da bakinta abin da ta ɓoye, har da ɗaurin. Sannan ta ji daga bakin likita abin da ɗaurin nan zai iya jawowa. Ga mace irin Yaya, wannan ya fi mata taron iyaye ɗari zafi, kuma shi kaɗai ne ramuwar da Shalele za ta ci riba a ciki. In ta ƙi zuwa, ku tafi ba ita, kin kuma san matsayinta. In ta je ta faɗi gaskiya, to a bar yarinya ta riƙa sauka wurinta da rana. Kwana kuwa sai ranar da kika gamsu, kuma da sharaɗin cewa ba a sake ɓoye miki komai. Daga yau ke ce mai kai ta wurin kowane likita, ko da barci na fizgarki.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki jinkirta shi. Yarinyar nan tana ganin ita ta jawo faɗa tsakanin mata biyun da ta fi so a duniya. Tana ganin jikinta ne ya yi laifi. Ki zaunar da ita, ba a hanyar aiki ba, ba kina jan hannunta ba. Ki ce mata ba malalaciya ba ce, kin gane yanzu. Ki ce mata tana da izinin son Ummanta. Ki ce mata in za ta kwanta ta saki bakinta yadda ya ga dama, ta yi duk ƙarar da za ta yi, ba wanda zai ji haushi, domin ƙarar nan ce ke gaya miki tana numfashi, har zuwa lokacin da likita zai buɗe mata hanya.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya shiryi Yaya ta gane girman abin da ta yi. Allah ya ba Shalele lafiya, ya nuna miki ranar da za ki tsaya a kanta tana barci ki ji shiru, kuma shirun bai tsorata ki ba.

Anti